Yadda Na Gasa Gwaggonnina a Hawan Goron Dutse

Ni aka ɗora wa kai lefen ƙanena, don a zuri'armu kaf ni kaɗai ne mai mota mai turbo, injin nan da ke zuƙar iska ya ƙara wa kansa ƙarfi. Bayan azahar muka tashi daga Koki, bazara ta tsaya cak: akwati shida a baya, gwaggonni huɗu a ciki, kowacce in ta zauna sai taya ta yi salati. Gidan amarya yana can saman hawan Goron Dutse. Kuma ka san cikin gari, in motar 'yan kai lefe ta mutu a layin surukai, har jikoki sai sun sha gori.

Muna fara hawa na taka totur, don unguwa ta san mun shigo. Sai allurar zafi ta miƙe ta nufi ja kamar an aike ta. Kaya, hawa, ga esi a ƙure. Turbo kuwa in ka matsa masa, zufarsa wuta ce.

Na sassauta ƙafa, na koma giya ta biyu, na kashe esi, na zuge gilasai. Sannan na yi bisimilla na kunna hita har ƙarshe, don ita ke janye zafin inji ta watso shi cikin mota.

"Kai ɗan nan!" in ji babbar gwaggo. "Lefe za ka kai, ko ƙosai za ka toya da mu?"

"Gwaggo, ku karɓi zafin nan, ko inji ya karɓa ku sauka ku tura."

Ta leƙa ta hango matan gidan amarya sun yi cirko-cirko a ƙofa. Ta gyara mayafi.

"Ƙara wutar."

Hoda ta narke, kwalli ya gangaro har haɓa. Wallahi da an fasa ƙwai a tafin ƙafata da ya soyu. Amma allura ta tsaya, ta yi tunani, ta ja da baya. Muka isa ƙofar gida a hankali kamar motar gwamna. Ban kashe injin nan take ba, na bar shi yana huci har ya huce.

Yayar uwar amarya ta dubi baƙinta sharkaf.

"Sannunku Hajiya! Ruwa aka yi a Koki?"

Gwaggo ta share goshi ta ɗaga kai.

"Zumuɗi ne. Ku rangaɗa guɗa, a sauke akwati."