Jirgin Sagir a Dajin Falgore

Cikin duk ranakun aikina, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Laraba a ƙarshen damina, shekarar da aka tura ni koya wa 'yan sintiri taimakon gaggawa a wani ƙauye da ke bakin dajin Falgore, a ƙasar Doguwa. Lokacin ina babban jami'in lafiya na al'umma. Mu ne masu riƙe ƙananan asibitocin ƙauye inda babu likita, amma kowa Likita yake ce mana.

Ga waɗanda ba su san wannan horo ba, ana koyar da abin da za a yi ne idan an ji wa mutum rauni alhali haɗarin bai wuce ba, misali ana harbi. Da farko a ja shi zuwa maɓoya, a tsayar da jini, a duba numfashi, sannan a nemi hanyar asibiti. Babban kayan aikin shi ne maɗaurin tsai da jini. Kamar bel yake, da ɗan sanda a jikinsa. Ana ɗaura shi sama da raunin, a murɗa sandan har jinin ya tsaya. Yana ceton rai, amma yana da zafi ƙwarai, kuma idan ya daɗe yana iya kashe ƙafa.

Mataimakina shi ne Sagir, ma'aikacin jinya, magidanci mai hannun aiki. Abu ɗaya ne da shi, wani wasan intanet na jiragen sararin samaniya. Suna da ƙungiya da abokansa na Kano da Zariya da Jos, kowa da muƙaminsa a jirgin: kyaftin, matuƙi, injiniya, maharbi, shi kuma likitan jirgi. Na taɓa tambayarsa ko marasa lafiyar da yake gani a asibiti ba su ishe shi ba. Ya ce na cikin wasan ba sa zuwa da dangi su yi masa gardama a kan allura.

Kwanakin farko horon bai tafi daidai ba. Da na ce an harbi mutum, sai duk su ruga su rufe shi, wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa. Sagir ne ya kawo shawara a raba musu aiki kamar yadda suke yi a wasansu: mai ba da umarni, masu tsaro, mai ɗauri, masu ɗauka. Ya yi kuskuren kiran mai umarnin kyaftin, nan take kowa ya ce shi ya dace. Girma ya raba gardama, aka bai wa Baba Ɗanlami, tsohon maharbi kuma shugabansu. Da aka zo kan wanda zai zama mai rauni kuwa, aka rasa. Kowa ya ce shi ƙarfe ba ya cin sa, kuma ba zai kwanta yaran gari su gani su kai labari ba. Daga ƙarshe Iro tela ya yarda, don ya ji a inuwar mangwaro za a kwantar da shi.

Ranar Larabar nan Hajiya, shugabar sashenmu, ta zo duba mu. A kan abin da ta gani za a yanke ko a ba mutanen jakunkunan kayan aiki a kuma kai horon Kiru da Bebeji, ko a rufe zancen. Muka shirya a filin makarantar firamare. Aka zuba wa Iro zoɓo a wando a matsayin jini, na ce masa ya suma, kada ya motsa, kada ya yi magana sai na ce an gama. Sagir ya haɗa wayarsa da lasifikar da muka aro, don ya sa ƙarar harbi.

Abin ya fara kyau har na fara murmushi. Ƙara ta tashi, masu tsaro suka durƙusa, aka ja Iro bayan mangwaro, mai ɗauri ya ɗaura ya murɗa. A atisaye ana kwancewa nan da nan. Kafin a kai ga haka sai ƙarar harbin ta yanke, wata murya ta cika filin:

“Likita, kana ina? Injin hagu ya kama da wuta, matuƙi ya faɗi, iska tana ƙare mana. Muna gangarowa, ka zo yanzu.”

Ashe abokan wasan Sagir ne suka kira shi ta zauren hirarsu na wasan. Kafin ya kai hannu ga wayar, Baba Ɗanlami ya miƙe ya dubi sama, ya dubi daji, ya ce idan jirgi zai faɗi a ƙasar nan babu inda zai faɗi sai wajen duwatsu. Ya buga tsawa, aka hau babura. Sagir yana ɗaga hannu yana cewa wasa ne, su kuwa sun ɗauka atisayen yake nufi, suka ce ai yanzu wasa ya ƙare. Dole ya ja babur ɗin wani malamin makaranta ya bi su.

Aka bar ni da Hajiya. Ta cire tabarau ta ce, “Malam Nasiru, jirgin wane ne?”

Na fara bayani. Na ce jirgi ne amma ba jirgi ba ne, a waya yake. Ta ce to mutanen da iska ke ƙare wa fa? Na ce suna gidajensu lafiya, ɗaya ma a kasuwa yake. Ta tambaya ko Sagir aiki biyu yake yi hukuma ba ta sani ba. Ina ta kame-kame sai muka ji wata 'yar murya daga bayan mangwaro.

“Likita, don Allah an yarda wanda ya suma ya yi tambaya?”

Na ruga na tarar da Iro yana zufa, idonsa a rufe kamar yadda aka umarce shi, maɗaurin yana nan a murɗe. Ƙafar ta yi sanyi, ya ce tun ɗazu ya daina jin ta, amma bai so ya ɓata mana jarrabawa a gaban baƙuwa ba. Na kwance, Hajiya ta durƙusa da kanta tana taɓa bayan ƙafar har ta ji bugun jini ya dawo. Da ƙafar ta fara farfaɗowa Iro ya yi kukan da bai yi ba lokacin da aka harbe shi. Allah Ya taimaka abin bai daɗe ba, ya tashi yana ɗingishi, bai rasa komai ba sai wandon da zoɓo ya rina.

Daga baya Sagir ya ce mini a bakin daji ya cim musu, har Baba ya raba su gida biyu, ya kuma aika Fulanin da ke kiwo a wurin su duba hayaƙi. Ya nuna musu jirgin a waya, yana ci da wuta a tsakanin taurari. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ba shi kyaftin ɗin jirgin a waya. Aka kira, ashe mai sayar da yadi ne a Kano. Baba ya gaishe shi har da tambayar iyali, ya yi masa jaje, sannan ya tambaye shi wane irin shugaba ne zai tashi jirgi likitansa bai shigo ba. Mutumin ya ba da haƙuri. Da la'asar har daga Tudun Wada ana kira na ana tambayar mutum nawa suka tsira.

Da suka dawo Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta tsayar da su a gaban Iro ta tambayi wanda ya ɗaura masa. Mutumin ya fito yana sosa ƙeya, ya ce shi ya ga can mutane da yawa ne, nan kuma mutum ɗaya. Ta sa aka sake atisayen tun daga farko, wannan karon Baba da kansa ya kwanta, kuma babu wanda ya tashi daga wurinsa sai da na ce an gama. Ta amince a ba su jakunkunan. Lasifikar ce kawai Hajiya ta hana, muka koma buga tsohon kwano da sanda.

Ku da kuka fara aiki kwanan nan, idan aka tura ku irin wannan horo kada ku ɓata lokaci kuna koya wa mutanenmu ƙarfin hali. Suna da shi har ya yi yawa, za su shiga daji neman mutanen da ba su taɓa gani ba. Abin da ke da wuyar koyarwa shi ne mutum ya ji ana ihu a can, ya ga kowa yana gudu, shi kuma ya zauna riƙe da ƙafar wanda aka damƙa masa.