Na Ƙona Shaidar Ummi da Hannuna

Shekara shida ke nan da rasuwar 'yata Ummi, Allah ya jiƙanta, amma ban taɓa jin haushin kaina kamar na bana ba. Ni mahauci ne a Agege ta jihar Legas, karatuna bai yi nisa ba, sai masu karatu su yi haƙuri da yadda maganar za ta zo.

Tana ajin ƙarshe a sakandare aka ce kowane ɗalibi ya yi wa unguwarsu wani aikin taimako, ya riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, ya kawo shaida. Ummi ta zaɓi lambatun da ke bayan mayankarmu. Jini da dattin tumbi sun toshe shi, da damina ruwan har ɗakunan mutane yake shiga.

Wata huɗu tana fama. Ta sayi littafi mai baƙin bango, duk Asabar ta rubuta waɗanda suka fito, da wanda ya ba da aron shebur, da inda aka tsaya. Ta wanke hotuna ta manna. Matan unguwa, Hausawa da Yarabawa, waɗanda ba su iya sa hannu ba suka dangwala mata yatsa. Har kuskurenta ba ta ɓoye ba. Ta taɓa sa ranar aiki a jajibirin Babbar Sallah, babu mahaucin da ya leƙo, ta rubuta cewa laifinta ne. Duk wannan daga baya na ji shi a bakin matan unguwa.

A cikin hotunan akwai mutanenmu suna juye datti a lambatun. Labari ya kai kunnen ciyaman ɗin ƙungiyarmu ta mahauta, ya kira ni gefe.

"Malam Idi, 'yarka so take a rufe mana wuri? In littafin nan ya kai ofishin gwamnati a Ikeja, ma'aikatan tsafta suka zo, kai za ka ciyar da mu?"

Ban buɗe littafin ba. Na ɗauko shi na jefa a wutar da muke babbake ganda, na kuma tsaya a kanta sai da ta goge hotunan da ke wayarta. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba, ko shafi ɗaya ka duba kuwa? Sunanka na ciki, kai ka ara mana baro." Na daka mata tsawa, na ce ba ta isa ta tona mana asiri ba.

A makaranta malaminsu ya ce labarin baki ba shaida ba ne. Yarinyar da ta fi kowa shan wahala ita ta zo ta ƙarshe. Da shekara ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke ta, ban nemi gafararta ba.

Watan jiya aka gama shafe lambatun da siminti, aka kafa allo, aka yi taro. Sunan ciyaman ne a allon, wai shi ya fara tayar da unguwa a kan tsafta. Mutumin da ko tsintsiya bai taɓa riƙewa a wurin ba! Na miƙe na ce Ummi ce. Ya yi murmushi ya ce, "Allah sarki, Malam Idi. To ina shaida?" Aka yi dariya.

Da tana raye me za ta ce? Ina jin ba ciyaman za ta kalla ba, ni za ta kalla. Shi tsoro ya ba ni kawai, hannun da ya yi ɓarnar nawa ne. Mu manya mun iya ce wa yara su yi gaskiya, ranar da gaskiyar ta taɓa cinikinmu kuma mu ne farkon masu danne ta.

Abin da ya rage nata kaɗan ne. Ruwa ya daina shiga ɗakuna. Matan nan har yau suna fitowa shara ranar Asabar, ƙanana a cikinsu ba su san wanda ya fara ba.

Shekaranjiya ciyaman ya aiko cewa in na sake ta da maganar, in nemi wani wurin ajiye teburina. Shekara talatin ina sayar da nama a kansa, su ba wanda suka ga dama. Ga amsata a inda kowa zai karanta: Ummi ce ta fara gyaran lambatun nan, ni ubanta na ƙona shaidarta, wanda sunansa ke kan allon kuwa shi ya sa ni.

Allah ya haskaka kabarinki, Ummi.