Marafan Kwalba a Tabarmar Kawu

Jiya jirgi ya ratsa saman gadar Wudil, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Dukanmu mun yi aikin saukar da jiragen soja, shi ya riga ni komawa filin farar hula. Da na faɗi jarrabawar lasisinsu bara, bai lallashe ni ba. Ya baza marafan kwalba a tabarma, shayin citta na tururi, ya ce jirage ne, in saukar da su.

Na fara daka tsawar bariki. Ya ɗaga hannu.

"Ɗana, wannan matuƙin ba kurtu ba ne, iyalan mutane ya ɗauko. Sassauta murya."

Jibi zan sake zaman jarrabawar, kuma ba zan dawo hannu Rabbana ba. Allah Ya sauki Kawu a Aljanna.