Ranar da Baba Sanda ya ce da sauƙi

Cikin shekarun da na yi ina aikin jinya a ƙasar Madarunfa, akwai ranar da ba ta fita raina ba: ranar da babban lokotoro, likitan da ke samanmu, ya zo duba yadda muke bin sabuwar doka. Lokacin ni ne majo, wato shugaban ma'aikatan wani ƙaramin asibiti a hanyar Gabi.

Dokar ta zo ne saboda samari sun mayar da tiramol kamar goro. Aka ce daga yanzu majo ba zai ba da maganin ciwo mai ƙarfi ba sai da sa hannun lokotoro, kuma sai an auna ciwon. Ma'aunin wani kwali ne mai fuskoki, daga mai dariya zuwa mai kuka. Majiyyaci ya nuna wadda ta yi kama da halinsa. Wanda bai kai fuskar kuka ba, a ba shi parasitamol, a shawarce shi ya riƙa motsa jiki, ya rage damuwa. Manomi ne fa za ka ce wa ya motsa jiki.

A taron da aka karanta mana dokar na ɗaga hannu na ce wa shugaban taron, "Shef, samarin nan ba wurinmu suke saye ba, a bakin tasha suke samu. Mu tsofaffi ne ke zo mana." Aka ce maganata tana da muhimmanci ƙwarai, sannan aka tashi cin shinkafa.

Ranar da lokotoron ya zo, sai ga amalanke ya kawo Baba Sanda. Dattijo ne mai ciwon daji a ƙashin baya. Maraɗi sun sallamo shi ya yi jinya a gida. Tun da na kulle maganinsa a kabad bai ƙara barcin kirki ba. Matarsa, Inna Tsahara, ita ke riƙe da kansa.

Lokotoro ya ce bari ya nuna mana yadda ake aikin. Ya duƙa ya ce, "Baba, ina jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Gumi na zuba, Baba ya damƙe bakin gado har jijiyoyin hannunsa sun tashi. Aka miƙa masa kwali. Ya daɗe yana kallon fuskokin, sannan ya ɗora yatsa kan mai murmushi.

"Ka gani, majo? Parasitamol ya ishe shi."

Na ce, "Baba, me ya sa ka zaɓi wannan?"

"To ɗana, da gemuna zan nuna mai kuka a gaban baƙo? Wannan ya fi mutunci."

Nan Inna Tsahara ta gyara mayafi ta ce, "Likita, ni ba ka tambaye ni ba. Mutumin nan ko kunama ta harbe shi, da sauƙi zai ce. Tsumma yake cizo don kada maƙwabta su ji shi. In sauƙi ne, ga ɗaki nan, zo ka kwana wurinsa, ni in huta." Ta fizge kwalin, ta dangwala yatsa kan mai kuka. "Rubuta. Wannan tasa ce, kuma tawa ce."

Lokotoro ya juya kwalin baya, ya duba ko akwai wurin da aka tanadar wa matar majiyyaci. Babu. Ya dubi hannun da ke bakin gado, ya ce in buɗe kabad. Da zai shiga mota ya ja ni gefe ya ce, "Duk lokacin da maganinsa ya ƙare, kira ni. Amma kada ka sa sunana a rahoto."

Baba Sanda ya samu barci a watannin da suka rage masa, ya rasu bayan an gama girbin gero. Dokar kuwa tana nan yadda take, kwalin ma an sake bugo shi da launi.

Ku da kuka fara aiki yanzu, ku bi doka, don a bakin aikinku take. Amma ku sani, a ƙasar nan "da sauƙi" gaisuwa ce. In kuna son sanin ciwon dattijo, ku tambayi wadda ke kwana ɗakinsa.