Gidauniyar Bature mai takalma

A duk zaman da na yi a Madina, ranar da takardar 'yata ta iso ita ce ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina aikin jera dabino a wani shago a unguwar Ƙurban. Gab da azahar ta kira ni daga gida. "Baba, sun ɗauke ni! Za su ɗauki nauyin karatuna na ungozoma har in gama. Sa hannunka kawai ake jira, kuma ranar Alhamis za su rufe."

Na yi kabbara da ƙarfi har mai shagon ya leƙo. Amma da ta ce gidauniyar wani Bature ce Kirista, sai zargi ya shige ni. Na ce a raina, haka kawai? Kada fa a juya mini tunanin yarinya.

Ana idar da la'asar na nufi unguwar Al-Sih wurin wani dattijo Bahaushen Sudan mai sayar da magani, don yana jin Turanci. Ya gyara tabarau, ya karanta takardar a wayata, ya kuma bincika tarihin gidauniyar, sai ya yi murmushi.

"Ya Hajji, zauna ka ji. Mutumin nan ya rasu tun ba a haifi kakanka ba. Masana'antar takalma gare shi. Ɗan wata ɗariƙar Kirista ne da ake kira Kweka. Ba sa rantsuwa, ba sa zuwa yaƙi, ibadarsu ma zama suke yi shiru. Da ya yi arziki ya gina wa ma'aikatansa gidaje da makaranta. Da tsufa ya zo, ya ware kaso mai yawa na masana'antar, ya ce kada a sayar, kada a gada, ribar ta riƙa tafiya wurin karatu da lafiyar talaka, ko wane addini yake bi."

Na miƙe tsaye ban sani ba. "Kawu, ai wannan wakafi ne!"

"Wallahi shi ne," in ji shi. "Yalla, maza sa hannu, mabruk, barka da arziki!"

Ya buga takardar, a nan kan teburinsa na sa hannu, ya tura wa 'yata. Na kira ta, na ji uwarta tana guɗa a bayanta. Na fito titi ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara da Aljanna.

Yau yarinyar nan ita ke karɓar haihuwa a asibitin garinmu, sallarta da hijabinta ba abin da ya taɓa su. Har yanzu ina jin kunyar zargin da na fara yi. Abin da ranar ta koya mini shi ne in bincika kafin in yanke wa mutum hukunci, domin Allah yana iya ajiye maka alheri a hannun wanda ba ku taɓa haɗa hanya ba.