Butar Kaka a Gindin Duro

Bul-bul-bul na ji daga tsakar gida, sannan shiru. Ina tsince shinkafa a lokacin, a gidanmu na unguwar Gassi. Shirun ne ya tashe ni, don 'yata mai shekara bakwai ba ta san shi ba.

Na same ta a kan turmi, ta leƙa cikin duron ruwa, idanu sun cicciko. Butar Kaka, surukata, ce ta nutse. Ta ƙarfen gorar ruwa ce, duk ta lotsa, amma ta mahaifin Kaka ce, wanda ya taso da niyyar Makka tafiyar ta tsaya masa a garin nan. Kaka ba ta alwala da wata, ba ta kuma yarda yaro ya taɓa ta. Tana ɗaki tana barcin rana, La'asar ta kusa.

"Wanka nake mata," in ji yarinyar.

"Sannu da aiki. To ta yi wankan har ta zarce."

Hannuna bai kai ba. Muciya sai mirgina ta take yi. Zubar da ruwan kuwa, bayan famfo ya kwana biyu a ɗauke, ban ma kawo shi a rai ba.

Sai na tuna malaminmu na lise, wato sakandare, da zanensa na jirgin da ke nutso a teku. Dariya muka yi masa lokacin, mu da iyakar ruwanmu kogin Shari. Ya ce jirgin yana da tankuna. In ya sha ruwa, ya fi ruwan da ya ture nauyi, sai ya yi ƙasa. In aka tura iska ta kori ruwan, ya yi sauƙi, ruwa da kansa zai ɗago shi. Abin da butar ta yi ke nan: bul-bul ɗin iskarta ce ke fita.

Na wanke siririn tiyo, na ɗaure shi a jikin kara, na lallaɓa har ya shiga bakinta. Na yi bisimilla na hura. Kumfa ta gudu ta gefe. Na sake, kumatuna kamar na mai algaita, yarinyar da ke kuka ɗazu tana ƙunshe dariya. A na huɗu butar ta motsa, ta ɗaga gindi, ta taso a hankali kamar mai jin kunya. Ikon Allah, na cafke ta.

Ana kiran salla Kaka ta fito, ta juya butar a hannu.

"Wa ya wanke ta haka?"

"Jikarki," na ce. Ban yi ƙarya ba.

Ta sa mata albarka ta wuce. Yarinyar ta ja gefen zanena, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, in ta sake faɗawa gobe, ni zan hura."