Injin da Ya Koyi Jira

Ranar da Inna Ige ta ƙi shan ruwan da injinmu ya kawo mata ba ta taɓa fita daga raina ba. A bazarar bara ne, ina ƙaramar mai bincike a ɗakin gwajinmu na Birnin Kebbi. Aikinmu shi ne rubuta babbar manhajar da ake ɗora sauran umarni a kanta, domin mutum-mutumin da zai yi hidima a gida.

Shugabanmu, Dakta Bello, ya tura ni Argungu in gwada injin a gidan Inna Ige, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Surukarta malamar makaranta ce, a wurin aiki take yini. Tashi yana yi wa Inna wuya, sai ta yini da ƙishirwa, har likita ya yi gargaɗi.

A ƙa'idar manhajar, aiki ya kammala da zarar kofi ya bar hannun injin. Haka kuwa ya yi. Ya ajiye ruwan a bakin tabarma, tana tsakiyar yi masa sannu ya ba ta baya.

Ba ta taɓa kofin ba. Ta ce, "Ɗiyata, ina za shi da wanga sauri? Kaza ake ajiye wa ruwa a wuce."

Na kira Dakta na roƙi a ƙara mataki guda: injin ya rage tsawonsa, ya tsaya har a sha, sannan ya karɓi kofin.

Ya yi dariya. "Safiya, mu da ake auna mu da sauri? Takarda za ki rubuta a kan injin da ba ya yin komai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ba ta sha ba, ai ruwan bai iso ba."

Sai ya ce in gwada.

A gindin darbejiyar gidan na rubuta matakin, iskar gulbi tana kaɗo ƙamshin albasa daga fadama. Washegari injin ya rusuna a gabanta. Ta sha a hankali, tana ba shi labarin shinkafar rani, ta miƙa masa kofin ta sa masa albarka. Sai ta ce, "Ƙaro mini."

Matakin yana nan cikin manhajar har yau. Duk sabon ɗalibin da ya so goge shi don rage lokaci, nakan zaunar da shi in gaya masa: mu muke tsara inda aiki zai fara, amma wanda ake yi wa hidimar ne yake faɗin inda ya ƙare.